Ranar da Muka Je Ba Kifi Haƙuri

Na yi tuyar kifi a unguwar Hindawiyya ta Jidda tun ina budurwa har gwiwoyina suka ƙi ni, kuma a duk kifin da ya bi ta kaskona babu wanda na taɓa ba haƙuri sai guda ɗaya, shi ma ba don raina ya so ba. Da ma a ce wani babban kifi ne mai kwarjini, irin najil ɗin da ake kaiwa gidajen manya a cikin Balad, tsakiyar birni, da da sauƙi. Wannan ko tafin hannuna bai cika ba.

Lokacin ko famfo ba a kawo mana ba, ruwa sai wajen masu jaki. Gidanmu na katako ne da langa-langa, mu huɗu a ciki. Ni Luba, mijina ya rasu na dawo gidan ubana da kaskona. Sai ƙanena Rafi'u, mai dakon kaya a tashar jiragen ruwa, mutum mai ƙarfin jiki da sanyin hali, wanda in ya buɗe baki don ya gyara magana sai ya ƙara ɓata ta. Sai matarsa Barakatu, 'yar Hausawan Sudan ce daga Mai Wurno. Ban taɓa ganin mace mai arhar dariya irinta ba. Kaza in ta yi tuntuɓe sai Barakatu ta riƙe ciki. Ina sonta, ba na ɓoyewa, don ni mai zafi ce kuma ita kaɗai ke iya sa ni dariya ina tsakiyar masifa.

Amma Allah ya jarrabe ta ta wajen haihuwa. Cikin fari ya zube. Na biyu da na uku sun kai watanninsu cif, ta yi naƙuda, aka haifo su kyawawa, maza, babu wanda ya ja numfashi. Ni na wanke su. A lokacin da nake ba ku labari tana ɗauke da na huɗu, ya shiga wata bakwai, duk gidan muna takawa a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai a faifai.

Ta huɗunmu ita ce Gwaggo Mastura, yayar baban Barakatu. Aikin hajji ta zo, aka gama, alhazai suka watse, ita ta shimfiɗa tabarma ta ce ba inda za ta sai ta ga abin da 'yarta ta haifa. Unguwarzoma ce a garinsu, wannan ba a ƙwace mata ba. Sai dai in camfi hatsi ne, da Gwaggo ta ciyar da Jidda da kewaye. Kada mai ciki ta tsallake igiyar akuya. Kada ta ci ƙwai. Kada ta tsaya a bakin ƙofa. Kada ta leƙa randa. Har na ce da ita wata rana, Gwaggo, ki faɗa mana abin da aka yarda ta yi, zai fi saurin ƙarewa. Ba ta yi mini magana ba sai da yunwa ta kama ta.

Kullum da sassafe nake zuwa Bangala, kasuwar kifi ta bakin bahar, in bari manyan masu saye su gama, sannan in kwashi tarkacen ƙanana da suka rage a ƙasan kwando. Ran nan na dawo na juye a tire, Barakatu ta jawo kujera tana taya ni kankare ɓawo. Can sai na ji ta yi shiru. Na ɗaga kai na ga ta ɗago wani abu da yatsu biyu tana jujjuya shi.

Ni na san shi, yakan faɗo cikin tarkace jefi-jefi. Larabawa samak Musa suke ce masa, wato kifin Musa. Wai ranar da teku ya tsage wa Annabi Musa, alaihis salam, shi wannan sarkin gulma ya tsaya daidai kan hanya yana kallon abin da babu ruwansa, aka raba shi biyu. Haka dai masunta ke faɗa, ni ba na wurin. Faifai ne kawai na kifi, shafal kamar tsohon takalmin da mota ta taka. Gefe ɗaya launin yashi da ɗige-ɗige baƙi-baƙi, ɗaya gefen fari fat, ba ido ba komai. Ƙayoyinsa sun zagaye shi kamar gezar mayafi. Idanun nan biyu duk sun tattaru a gefe guda, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya, baki kuma a karkace kamar an gaya masa maganar da bai so ba. Ko kyanwa in na jefa mata sai ta shinshina ta kalle ni ta wuce, saboda wani farin ruwa mai ɗaci da ke fita a gefensa.

Barakatu 'yar kogi ce, tarwaɗa da ƙarfasa ta sani. Ta juya shi ta baya tana neman ɗaya idon, ta sake juyowa ta tarar da su biyu a wuri ɗaya. Ta ƙura masa ido. Sannan a hankali ta ce, "Yaya Luba, wallahi Malam Na'ibi ne in ana addu'ar suna an ajiye tiren shinkafa a gefensa."

To, duk wanda ya san Malam Na'ibi na masallacin unguwarmu ya san ba ta yi ƙarya ba. Ni na fara faɗuwa don dariya. Ita kuwa har da hawaye, cikin nan yana rawa, tana riƙe da kifin tana karkata baki irin nasa. Muna cikin haka Gwaggo ta fito daga makewayi da butarta. Ta dubi kifin, ta dubi cikin, ta saki butar.

Salati ta fara yi, sannan ta zauna ta yi bayani dalla-dalla, kamar mai karanta hukunci. Mai ciki ba ta yi wa naƙasasshe dariya, ko mutum ko dabba, kowa ya san wannan. Abin da ta yi wa dariya shi za ta haifa. Ta kawo wata a garinsu da ta yi wa gurguwar tunkiya dariya, ta kawo wata da ta kwaikwayi mai in'ina. Ga shi wannan ba naƙasasshe kaɗai ba ne, halitta ce da ta ga mu'ujizar Annabi da idonta. Ta nuna gefen fuskarta da yatsa, ta ce nan idanun jaririn za su taru, duka biyun.

Na ga fuskar Barakatu ta sauya. Raina ya ɓaci. Na fizge kifin, na feɗe fatar, na tsoma shi a mai, na ci shi tsaye a gaban Gwaggo, har ƙashin na tauna don ta ji. Na ce ga naƙasasshen nan ya tafi inda 'yan uwansa ke tafiya, halas, a ba mu wuri. Har gobe ban ga laifina ba. Amma Gwaggo ta tafa hannu ta ce yanzu kam an gama lalata abin, da yana nan da sai a nemi gafararsa, ga shi wannan marar kunyar ta haɗiye wanda za a roƙa.

Da a ce wata ce, da kwana biyu ta manta. Amma macen da ta binne biyu ba ta da ƙarfin da za ta ce wa tsoro ƙarya kake. Barakatu ta daina dariya, wannan shi ne na farko, gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Sai ta daina cin abinci. In na kai mata ta ɗan taɓa ta ture, ta ce ƙamshin kifi take ji a komai. Takan zauna ta dafa cikinta da hannu biyu tana lalube, wai tana son ta gane ta ina kan yake. Wuyanta ya zurma, idanunta suka faɗa. Abin da na ji tsoro ba ido a gefe ba ne. Na ji tsoron yunwa da fargaba su kashe mana wannan ma kafin ya iso.

Na je wajen Malam Na'ibi da kaina. Ya ce camfi ba shi da asali a addini, sam. Sannan ya ce amma kuma maganar manya ba a yar da ita. Ya ba da rubutu. Da zan tafi ya tambaye ni wai me ya ba ta dariya haka a jikin kifin. Na dubi idanunsa, na ce Allah gafarta Malam, kifin ne kawai.

Rafi'u kuma ya zo da tasa gudunmawar. Ya dawo daga aiki fuska a sake, ya ce ya samo labari mai daɗi. Wani kukun jirgin ruwa, Bature, ya gaya masa cewa kifin nan ba haka ake haihuwarsa ba. Da idonsa ɗaya nan ɗaya can yake zuwa duniya kamar kowa, sai yana girma ɗaya idon ya taso a hankali ya zagayo ya sami ɗan uwansa. Saboda haka, in ji Rafi'u, ba naƙasasshe ba ne, ra'ayinsa ne. Na taka masa ƙafa amma ya riga ya gama. Barakatu ta tambaya, murya can ƙasa, wato ko an haife shi lafiya ba a tsira ba ke nan. Ta tashi ta shiga ɗaki. Na bi Rafi'u da ludayi har bakin titi.

Daga nan na sauke girman kai na tambayi Gwaggo mene ne maganin abin. Ta gyara zama, don ranar da take jira ke nan. Ta ce a garinsu in mai ciki ta yi wa wani dariya, takan ɗauki farin goro ta je har ƙofar gidansa ta durƙusa ta ce ya yafe mata. Tunda wanda aka yi wa laifin yana cikin Luba, sai a nemi danginsa.

Rafi'u ya je Bangala ya tono guda a cikin tarkace ya kawo. Gwaggo ta ce gawa ba ta yafiya. Ya roƙi wani masunci ya samo masa mai rai, ya ɗauko shi a bokiti tun daga bakin ruwa a cikin ranar Jidda, kafin ya iso kifin ya riga mu gidan gaskiya. Gwaggo ta ce ko da ya iso da rai ba za ta karɓa ba, ina aka taɓa kirawo wanda aka yi wa laifi ya zo gida a ba shi haƙuri, mai laifi ke takawa. Na ce to Gwaggo ina ne ƙofar gidan kifi. Ta ce ku 'yan Jidda ku za ku sani, ita baƙuwa ce.

Wanda ya sani shi ne Abdulghaffar. Jikan Katsinawa ne amma a unguwar Ruwais aka haife shi cikin masunta, Hausarsa duk ta tsattsage, kalma ɗaya tamu biyu na Larabawa. Tun muna yara na san shi, shi ke ajiye mini tarkace mai kyau. Da na gaya masa buƙatarmu ya yi dariya har ya zauna a kan kwando. Da na gaya masa ta Barakatu da 'ya'yanta biyu sai ya daina. Ya ce kifin ba ya shiga zurfi, kuma ba ya zama cikin duwatsun murjani inda sauran kifaye ke yawo. Tsakanin gaɓa da duwatsun akwai fili na yashi mai laushi, ruwan bai wuce gwiwa ba ko ka yi tafiya mai nisa, a nan yake kwanciya. Yakan karkaɗa jiki yashi ya rufe shi, ido kawai ya bari a waje. Kana iya tsayawa a kansa ba ka sani ba. Ya ce mu zo da safe kafin iska ta tashi ta dama ruwan.

Ranar Juma'a bayan asuba muka hau bayan motar kayan wani abokin Rafi'u, muka yi arewa da gari har gidaje suka ƙare. Barakatu na jingine da ni, nauyinta duk na ciki ne, ita kanta ba ta fi tsintsiya ba. Gwaggo ta ƙulle farin goro a bakin mayafi, goron da wani alhaji ya kawo mata daga Kano take ta adana shi kamar zinariya. Ni na ɗauko kwando da tasa. Na sayi gurasar tamis mai zafi da ful, dafaffen waken nan, a hanya, na ce ko ba mai ci ni zan ci, ba zan ba kifi haƙuri da yunwa ba.

Wurin ba kowa sai tsuntsaye. Ruwan kwance yake lumui, garai-garai, kana ganin yashin ƙasa da 'yan layukansa kamar an share da tsintsiya. Can nesa inda duwatsun suke ruwan ya yi shuɗi yana fasa kumfa. Abdulghaffar na jiranmu da mashinsa na kamun kifi. Gwaggo ta ce ya ajiye wannan abin, ba a zuwa biko da makami. Ya ajiye. Ya ce mu riƙa jan ƙafa a cikin yashi, kada mu ɗaga mu taka, don akwai masu harbi da ke kwanciya a wurin su ma, in sun ji motsi za su gudu. Gwaggo da ta ji haka ta ce ita za ta tsaya a gaɓa ta riƙa yi mana addu'a. Tun da jirgin ruwan da ya ɗauko ta daga Sawakin ya juya mata hanji a hanyar zuwa ta yi rantsuwa tsakaninta da bahar sai kallo.

Haka muka shiga, mata biyu da baƙaƙen abaya suna jan ruwa, ƙato ɗaya da kwando, da masunci a gaba yana sunkuye. Wanda ya hango mu daga nesa zai ce wani abu muka yar. Abdulghaffar ya ce mu nemi wurin da yashi ya ɗan yi zane kamar sawun takalmi, da ɗigo biyu kusa da juna. Wallahi duk bahar ɗin sawun takalmi ne da ɗigo biyu. Rafi'u ya kifa kwando a kan dutse, ya kifa a kan ɓawon kaguwa, ya kifa a kan inuwarsa. Sau ɗaya Abdulghaffar ya nuna da yatsa, kafin mu juya wani abu ya yi fit, ya bar mana ƙurar yashi. Gwaggo na can tana ɗaga murya wai mu yi sallama tukuna, shi ya sa suke gudu.

Rana ta ɗaga, gishiri ya fara cin ƙafafuna, iska ta soma motsa ruwan. Ina ta zagin kifin a zuci, shi da wanda na ci da kakanninsu. Da na waiwaya na ga Barakatu ta tsaya, leɓɓanta sun bushe, tana haki. Na ce mu koma gaɓa ta huta. Ta girgiza kai. Sai kawai ta sulale ta zauna a cikin ruwan, ya kawo mata har ƙirji, ta ce ta gaji, Yaya Luba, a bar shi, abin da Allah ya rubuta shi ke nan. Ta dafa hannu a yashi don ta gyara zama.

Daga ƙarƙashin tafin hannunta ya fito. Ashe tun ɗazu muna ta bulayi shi yana kwance a nan yana kallonmu, saura kaɗan ta zauna masa a ka. Ya yi 'yar tafiyarsa yana kaɗa geza kamar tsumma a iska, bai yi nisa ba ya sake lafewa. Rafi'u ya yi tsalle da kwando ya faɗi ruf da ciki, ya sha ruwan gishiri ya tashi yana tari. Ni na karɓi kwandon na lallaɓa na kifa. Abdulghaffar ya zura hannu ta ƙasa ya tallabo shi da yashinsa ya sa a tasa, ya ce kada wanda ya taɓa ido da hannun, farin ruwan nan yana da zafi, ko babban kifi mai cin mutane in ya ɗanɗana tofarwa yake.

Ɗan ƙarami ne, bai kai wanda na ci ba. Ya kwanta a gindin tasar, launinsa da na yashin ɗaya, ba don idanun ba sai ka ce tasar ba komai. Aka miƙa wa Barakatu. Gwaggo ta matso har ruwa ya taɓa mata yatsun ƙafa, ta jefo goron, Rafi'u ya cafe ya sa a tasar kusa da kifin. Kifin bai nuna ya san darajar goro ba. Sannan Gwaggo ta fara faɗa daga gaɓa, Barakatu na maimaitawa: ya kai bawan Allah, na zo gidanku, na yi wa ɗan uwanka dariya bisa jahilci.

Barakatu ta faɗi wannan da kyau. Ta sunkuya don ta ci gaba. Shi kuma ya zaɓi lokacin ya motsa idanun nan, ɗaya ya dube ta, ɗaya ya juya wajen goron, bakin ya ƙara karkacewa. Na cusa gefen mayafi a baki na ciza. Abdulghaffar ya juya baya yana kallon Sudan can ƙetaren bahar. Na ji Barakatu ta yi wani ɗan sauti ta hanci, ta danne, ya sake tasowa. Sai ta fashe.

Dariya ta yi irin wadda ta fi ta farko, tasar na girgiza a hannunta, ruwa na zuba. Gwaggo ta ɗora hannu a ka tana salati tana cewa an maimaita, an maimaita a gaban mai shi. Rafi'u ya tsaya baki buɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ni ban san lokacin da dariyar ta juye ba. Na dai ga kafaɗunta na ci gaba da rawa amma sautin ya zama wani, ta rungume tasar a kan cikinta tana kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka fita da gawar na ƙarshen. Na durƙusa a ruwan na riƙe ta, ni ma na yi nawa.

Da ta lafa ta share fuska da bayan hannu. Ba kifin ta kalla ba, gaɓa ta kalla.

"Gwaggo, waɗancan biyun idanunsu daidai suke. Ke ba ki gan su ba, ni na gani. Ba abin da ya same su ko ɗaya, sai dai ba su buɗe ba." Ta ja numfashi. "In wannan zai zo da ido a gefe ɗaya, ya zo. In bakinsa a karkace ne, ya zo, zan ba shi nono ta gefen. Ni dai ya zo da rai."

Barakatu ta karkata tasar a hankali, kifin ya zame ya sauka, ya karkaɗa jiki sau biyu yashi ya rufe shi, muna kallon wurin amma ba mu ƙara ganinsa ba. Ko ya yafe ko bai yafe ba bai gaya wa kowa ba. Goron kuwa na ga Abdulghaffar ya tsince shi ya soke a ƙugu.

Da muka fito gaɓa Barakatu ta tambaya ko tamis ɗin nan da saura. Ya huce, ful ɗin ya daskare, yashi ya shiga ciki. Ta cinye tas, ta suɗe kwanon da yatsa, ta tambaya ko akwai wani. Nawa na ba ta, ban taɓa jin daɗin kwana da yunwa irin na ranar ba.

Naƙuda ta zo mata da tsakar rana a cikin zafin bazara, ina tsakiyar tuya. Na sauke kaskon na bar masu saye a tsaye. Gwaggo ta karɓi aikinta, kuma in ana maganar aiki tsohuwar nan ta iya, hannunta ba ya rawa. Ni ina riƙe da kafaɗun Barakatu. Rafi'u na waje yana zagaye gidan kamar jakin niƙa. Aka daɗe, sannan abin ya zo gaba ɗaya. Mace ce.

Gwaggo ta ɗaga ta wajen hasken taga. Ta juya kan dama, ta juya hagu, ta shafa gefen fuskar da babban yatsa. Ta ce alhamdu lillahi, ɗaya nan ɗaya nan, kowanne a mazauninsa.

Ɗakin shiru. Na san irin shirun nan, sau biyu na taɓa jin sa.

"Ba ido na tambaye ki ba, Gwaggo," in ji Barakatu. "Me ya sa ba ta kuka?"

Sai a lokacin tsohuwar ta dubi abin da ke hannunta da kyau. Jaririyar ta yi shuɗi-shuɗi, hannuwanta a sake. Gwaggo ba ta yi salati ba, ba ta kawo labarin kowa ba. Ta kifa bakinta a kan hanci da bakin yarinyar ta zuƙo ta tofar, ta sake zuƙowa ta tofar. Ta kifa ta a tafin hannu tana murza bayan da ƙarfi, tana cewa taso, taso don ubanki, ba a yi mini haka. Ta ɗaga ƙafafun ta ɗalle tafin. Farcen Barakatu ya shige mini hannu har jini.

Wani ɗan tari ya fito, kamar na kyanwa. Sannan yarinyar ta buɗe baki ta tsala ihu, har masu jiran kifi a waje suka ji suka hau kabbara. Gwaggo ta miƙa mini ita, ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka da majina.

Na goge yarinyar na naɗe ta, tana ta tsala kuka kamar an ci mata bashi, na fara jijjiga ta ina cewa yi shiru, yi shiru. Barakatu ta miƙo hannu ta riƙe mini zane.

"Kada ki lallashe ta, Yaya Luba. Bar ta ta yi. Ban taɓa jin sa a ɗakina ba."

Na kwantar da ita a ƙirjin uwarta, muka zauna mu uku muna saurare.